Sharhi Kan Child Welfare Information Gateway, Ma'ajiyar Dokokin Kai Rahoton Cin Zarafin Yara a Amurka

Duk wanda ke renon yaro a Amurka, ko yake koyar da shi a aji, ko yake duba lafiyarsa a asibiti, akwai dokar jiha da ta hau kansa game da abin da ya kamata a yi idan aka yi zargin ana cutar da yaron ko ana sakaci da shi. Mafi yawan iyaye ba su taɓa karanta ko layi ɗaya na wannan doka ba, kuma da yawa daga cikin ma'aikatan da dokar ta ɗora wa nauyi ba su san ta ba sai iya abin da aka gaya musu a ɗan gajeren horo lokacin da suka kama aiki. Wannan giɓi ne hidimar Child Welfare Information Gateway take ƙoƙarin cikewa. Hidima ce ta gwamnatin tarayya, kyauta ce ga kowa a intanet, kuma tana ƙarƙashin ofishin kula da yara na Children's Bureau, wanda aka kafa tun 1912. An samar da ita a 2006, bayan da aka haɗe ma'ajiyun bayanai guda biyu, ɗaya kan cin zarafin yara, ɗayar kuma kan ɗaukar yara riƙo. Sashen da na duba shi ne na dokokin jihohi, musamman abin da ya shafi kai rahoto da gudanar da bincike. Ra'ayina shi ne ita ce ƙofar da ta fi dacewa mutumin da ba lauya ba ya fara shiga ta cikinta, amma dokar take nunawa kamar yadda take a rubuce, kuma akwai tazara mai faɗi tsakanin rubutun da abin da iyali ke fuskanta ranar da bincike ya zo gidansu.

Kafin a gane amfanin hidimar, sai an gane dalilin da ya sa ake bukatarta. A 1962 likitan yara C. Henry Kempe da abokan aikinsa suka wallafa wata maƙala a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, inda suka bayyana yadda ake kawo ƙananan yara asibiti da karaya iri-iri, wata sabuwa, wata ta fara warkewa, alhali bayanin da iyaye ke bayarwa bai yi daidai da abin da hoton ƙashi ke nunawa ba. Maƙalar ta tayar da hankalin jama'a ƙwarai, kuma zuwa 1967 kowace jiha ta kafa dokar kai rahoto, akasarinsu da likitoci suka fara. A 1974 aka kafa dokar tarayya ta kare yara daga cin zarafi, da ake kira CAPTA, wadda Sanata Walter Mondale ya jagoranta, Shugaba Richard Nixon kuma ya sanya mata hannu. Wannan doka ba ta karɓe aikin daga hannun jihohi ba. Kuɗi take ba su bisa sharuɗɗa, sannan ta shimfiɗa mafi ƙarancin ma'anar cin zarafi da sakaci: duk wani aiki, ko ƙin yin aiki, daga iyaye ko mai kula da yaro, wanda ya jawo mutuwa, ko mummunar illa ga jiki ko tunani, ko lalata da yaron, ko kuma ya jefa shi cikin haɗarin da ke gab da aukuwa. Daga nan kowace jiha ta ɗora nata ginin, shi ya sa a yau akwai dokokin jihohi 50, da na gundumar babban birnin ƙasar, da na yankuna biyar da ke ƙarƙashin Amurka, kuma babu guda biyu da suka zama iri ɗaya sak.

Babban abin yabo ga wannan hidima shi ne ta tattaro waɗannan dokoki wuri guda, ta jera su bisa maudu'i. Mutum zai zaɓi jiha ko jihohin da yake so, ya zaɓi batun da ya dame shi, sai a fito masa da taƙaitaccen bayanin abin da dokar ta tanada, tare da lambar sashen dokar da aka ciro bayanin daga ciki, da kuma watan da aka yi wa bayanin duba na ƙarshe. Wannan lamba ta sashe ita ce ta fi komai daraja a wurina, domin da ita ne mai karatu zai iya zuwa ya ga ainihin kalmomin dokar da idonsa, ko ya nuna wa lauya ko shugaban makaranta ba tare da gardama ba.

A ɗauki misalin malamar makaranta da ta yi aiki a Kalifoniya, sannan ta koma Niyok. Idan ta ajiye jihohin biyu kusa da juna, nan take za ta ga cewa a Kalifoniya dole ne ta buga waya ba tare da ɓata lokaci ba, sannan ta aika rahoto a rubuce cikin awa 36, kuma idan ta ƙi kai rahoto za a iya ɗaure ta har wata shida, ko a ci ta tarar dala 1,000, ko a haɗa mata duka biyun. A Niyok kuwa, bayan kiran waya, awa 48 ke gare ta ta miƙa rubutaccen rahoto, kuma bayan laifin da doka za ta kama ta da shi, za a iya neman diyya daga gare ta kan cutar da shirunta ya jawo wa yaron. Bambancin awa goma sha biyu ba shi da yawa a ido, amma ga wadda lasisin aikinta ya rataya a kansa, babban al'amari ne, kuma samun wannan amsa cikin 'yan mintoci ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Bayanin da ya shafi waɗanda doka ta wajabta wa kai rahoto shi ma an tsara shi da kyau. Kusan ko'ina za a tarar da malaman makaranta, likitoci, ma'aikatan jinya, ma'aikatan walwalar jama'a, 'yan sanda da masu kula da yara a gidajen reno. Sai dai a kusan jihohi 18 nauyin yana kan kowane mutum da ya yi zargi, ko maƙwabci ne ko ɗan uwa, kuma jihohi irin su Indiyana da Wyoming ba su ma tsaya lissafa sana'o'i ba, kowa da kowa suka ce. Akwai kuma bayani na musamman kan malaman addini, inda jihohi suka sha bamban kan ko sirrin da aka faɗa wa limami ko fada a matsayinsa na jagoran addini yana da kariya ko ba shi da ita. Na so ƙwarai yadda hidimar ta fito da batun ma'aikacin da ke cikin wata hukuma, wato ko ya wadatar ya sanar da shugabansa kawai, domin a nan ma ana yin asarar yara. Abin da ya faru a jami'ar jihar Pensilbeniya shaida ne: wani ma'aikaci ya ga abu, ya gaya wa na gaba da shi, shi ma ya gaya wa na gaba, maganar ta tsaya a cikin ofis-ofis ba ta kai ga hukumar kare yara ba, sai a 2012 kotu ta sami tsohon mai horar da 'yan wasa Jerry Sandusky da laifuffuka 45 na lalata da yara. Bayan haka jihar ta gyara dokarta, ta wajabta wa ma'aikaci ya kai rahoto da kansa kai tsaye, sannan ya sanar da shugabansa. Duk wanda ke aiki da yara ya kamata ya duba wannan batu a dokar jiharsa kafin komai.

Wani abin da hidimar ta fayyace, wanda yake kwantar da hankalin masu jin tsoron kai rahoto, shi ne cewa doka ba ta nemi mutum ya zo da hujja ba. Abin da take nema shi ne zargi mai tushe, irin wanda mai hankali zai yi idan ya ga abin da mutumin ya gani. Tabbatar da gaskiya aikin hukuma ne. Haka kuma kowace jiha tana ba wanda ya kai rahoto da kyakkyawar niyya kariya daga ƙara, ko da bincike ya nuna babu komai, domin wannan yana cikin sharuɗɗan samun kuɗin tarayya. A ɗaya ɓangaren, jihohi da dama sun tanadi hukunci ga wanda ya kai rahoton ƙarya da gangan, abin da ke faruwa a wasu lokuta tsakanin ma'auratan da suka rabu suna jayayya kan riƙon 'ya'ya.

A nan ne ya kamata in ja kunnen mai karatu kan watan duba na ƙarshe da ke jikin kowane bayani. Ana sabunta maudu'an ne ɗaya bayan ɗaya, yayin da majalisun jihohi ke sauya dokoki a kowane zama, don haka bayani zai iya zama daidai a ranar da aka rubuta shi amma doka ta riga ta wuce shi. Misali, an daɗe ana karɓar rahoto a yawancin jihohi daga mutumin da bai faɗi sunansa ba, amma a 2023 jihar Teksas ta hana hukumar kare yaranta karɓar irin wannan rahoto. Wanda ya dogara da bayanin da aka duba kafin wannan shekara zai tafi da abin da ya daina aiki. Hidimar ba ta ɓoye kwanan watan ba, kuma wannan gaskiya ce da ta cancanci yabo, sai dai nauyin lura da shi yana kan mai karatu.

Bayanin abin da ke biyo bayan kiran waya yana da amfani sosai ga wanda bai san tsarin ba. Ma'aikacin da ya ɗauki kiran zai tambayi sunan yaron da shekarunsa, da inda yake a halin yanzu, da abin da mai kiran ya gani ko ya ji, da dangantakar wanda ake zargi da yaron, da ko akwai wasu yara a gidan. Daga nan sai a tantance: idan abin da aka faɗa ya shiga ma'anar cin zarafi ko sakaci a dokar jihar, a karɓa, idan bai shiga ba, a ajiye shi ko a tura mai kiran wani wuri. Wanda aka karɓa ana ba shi mataki gwargwadon girman haɗarin, kuma doka ta ƙayyade lokacin da za a fara aiki. A Niyok dole ne a fara bincike cikin awa 24, a kuma yanke matsaya cikin kwana 60. Jihohi da yawa suna da hanya ta biyu ga rahotannin da haɗarinsu bai yi tsanani ba, inda ma'aikaci zai zauna da iyalin ya duba abin da suke bukata ba tare da an ɗora wa kowa laifi a rubuce ba. Idan kuwa zargin lalata ne ko mummunan rauni, doka kan wajabta a sanar da 'yan sanda ko mai gabatar da ƙara, kuma a wurare da yawa ana yi wa yaron tambayoyi sau ɗaya a cibiya ta musamman, a gaban ƙwararre, domin kada a riƙa sa shi maimaita abin da ya same shi a gaban mutane daban-daban. A garin Huntsville na jihar Alabama aka fara irin wannan cibiya a 1985.

Inda hidimar ta gaza a ganina shi ne inda dokar kanta take da rauni, wato batun sakaci. Alƙaluman gwamnatin tarayya na 2022 sun nuna cewa an kai ƙorafi kusan miliyan 4.3, kimanin rabinsu aka karɓa, an tabbatar da cewa yara kusan 559,000 sun fuskanci cin zarafi ko sakaci, kuma an ƙiyasta cewa yara 1,990 sun rasa rayukansu. Daga cikin waɗanda aka tabbatar, kusan uku cikin huɗu batun sakaci ne. Dokoki kan fassara sakaci da gaza samar wa yaro abinci, sutura, matsuguni, magani ko kulawar da ta dace, kuma kowa ya san cewa waɗannan su ne ainihin abubuwan da talauci ke fara ci. Uwar da ke aikin dare ba ta da kuɗin biyan mai reno, da uwar da ta bar yaranta ta tafi sha'aninta, za su iya faɗawa ƙarƙashin jimla ɗaya a cikin doka. Gaskiya ne cewa jihohi da dama sun rubuta cewa rashin hali kaɗai ba sakaci ba ne, kuma hidimar tana nuna wannan togaciya a jihohin da suke da ita. Amma taƙaitaccen bayanin doka ba zai iya nuna yadda ma'aikacin da ke tsaye a cikin ɗaki, yana kallon firji babu komai a ciki, zai raba tsakanin rashin hali da rashin kula ba. Wani bincike da aka wallafa a 2017 a mujallar ƙungiyar kiwon lafiyar jama'a ta Amurka ya ƙiyasta cewa kashi 37 cikin ɗari na yaran ƙasar za a yi bincike a kansu kafin su cika shekara 18, kuma a tsakanin yara baƙar fata adadin ya kai kashi 53. Wanda ya karanta dokokin kaɗai zai ɗauka bincike abu ne da ke samun wasu tsirarun gidaje, alhali waɗannan alƙaluma suna cewa ya zama ruwan dare, kuma ya fi sauka a kan masu ƙaramin ƙarfi.

Akwai tambayoyi biyu da iyaye suka fi yi, kuma amsar da za a samu a kansu ba ta cika gamsarwa ba, ko da yake laifin na dokokin ne. Ta farko ita ce iyakar horon yaro da hannu. Babu jihar da ta haramta wa iyaye shi gaba ɗaya a cikin gida, amma dokoki suna magana ne da kalmomi masu faɗi, suna halatta abin da yake daidai gwargwado suna hana abin da ya wuce kima, kuma a aikace tabo, kumburi ko shatar bulala a jikin yaro ya isa ya sa malama ta ɗauki waya. Ta biyu ita ce shekarun da yaro zai kai kafin a bar shi a gida shi kaɗai. Yawancin jihohi ba su sa adadin shekaru ba, sun bar abin ga yanayi, ko da yake a 2018 jihar Yuta ta gyara dokarta ta fayyace cewa barin yaron da ya isa ya tafi makaranta da ƙafa ko ya yi wasa a waje shi kaɗai ba sakaci ba ne, wasu jihohin kuma suka bi sahunta. Mai karatu zai fita da sanin cewa iyakar ba a fili take ba, kuma wannan sani ma kansa kariya ce.

Da zan iya neman gyara ɗaya daga masu gudanar da hidimar, da na roƙe su su ba haƙƙin iyayen da ake bincike a kansu irin muhimmancin da suka ba nauyin masu kai rahoto. An fi tsara bayanan da ma'aikata da masu tsara manufofi a zuciya, kuma ana jin haka a harshen da aka yi amfani da shi. Alhali tun 2003 dokar tarayya ta sharɗanta cewa a haɗuwar farko ma'aikaci ya sanar da wanda ake zargi abin da ake zarginsa da shi, ba tare da bayyana wanda ya kai rahoton ba, kuma a 2023 Teksas ta ƙara da wajabta wa ma'aikatanta su karanta wa iyaye haƙƙoƙinsu, ciki har da haƙƙin neman shawarar lauya. Uban da aka zo wa gida da yamma yana bukatar ya sami irin wannan bayani a wuri ɗaya, da kalmomi masu sauƙi. Matsalar harshe ma tana nan: da Ingilishi aka rubuta kusan komai, sai wasu takardu da Sifaniyanci, don haka iyalin da Hausa ce harshen gidansu za su bukaci wanda zai zauna ya karanta tare da su, kuma idan bincike ya zo, su nemi hukumar ta kawo tafinta maimakon su bar yaronsu ya riƙa fassara maganar da ta shafe shi.

Wajibi ne a sani cewa wannan hidima ba ta karɓar rahoto, ba ta shiga tsakani a shari'ar kowa, kuma ba ta ba da shawarar lauya, ita ma ta faɗi haka a sarari. Abin da take da shi shi ne jerin lambobin wayar hukumomin jihohi. Idan yaro yana cikin haɗari a daidai lokacin, lambar gaggawa ta 911 ake kira. Wanda yake cikin shakka kuma yana son ya tattauna da ƙwararre kafin ya yanke shawara zai iya kiran layin ƙungiyar Childhelp, wanda ke aiki dare da rana.

Sashen da nake ganin ya fi cancantar iyaye su karanta da natsuwa shi ne wanda ya shafi rajistar jiha, wato kundin da ake shigar da sunan wanda aka tabbatar da zargi a kansa. Mutane da yawa suna zaton tunda ba a kai su kotu ba, magana ta ƙare. Sai dai matsayar ma'aikacin hukuma kaɗai za ta iya sa sunan mutum ya shiga wannan kundi, kuma ana duba shi kafin a ɗauki mutum aiki a gidan renon yara ko a ba shi riƙon yaro, don haka macen da sana'arta kula da yara ce za ta iya rasa hanyar cin abincinta na tsawon shekaru ba tare da alƙali ya taɓa jin ta bakinta ba. Nauyin hujjar da ake bukata ya bambanta daga jiha zuwa jiha. A Niyok an daɗe ana wadatuwa da samun wata hujja da za a iya gaskatawa, sai daga farkon 2022 aka ɗaga mizanin zuwa rinjayen hujja, wato dole ne abin da ke nuna laifi ya fi abin da ke kore shi nauyi. Hidimar ta jera yadda ake neman a sake duba matsaya ko a goge suna a kowace jiha, da tsawon lokacin da ake ajiye bayanai, kuma a nan ta yi aikin da zai iya ceton iyali daga babbar asara, domin ƙofar ɗaukaka ƙara tana da wa'adi. A Niyok kwana 90 ne daga lokacin da aka sanar da mutum, a wasu jihohin ma bai kai haka ba, don haka wanda takardar sanarwa ta iso masa ya duba wa'adin jiharsa a ranar, ya kuma nemi lauya ko ofishin ba da agajin shari'a kyauta kafin kwanakin su ƙure.